Gawa Biyu a Filin Kapuwa

A filin Kapuwa na Rum ta dā, inda ake haɗa bayi faɗa sai ɗaya ya mutu, takobin Tigiris bai ko taɓa shi ba, Rufiyo ya kurma ihu ya zube a kan yashi. Shekara tara suna cin faten sha'ir a kwano ɗaya, ba zai kashe amininsa don 'yan kallo su tafa ba. Gara Tigiris ya ƙarasa shi, ya rayu.

Ya rufe ido yana jiran sara, yana yaba kansa: "Kai, Rufiyo sarkin tsoro, ashe kai ma namiji ne!"

Shiru, ba sara. Ya buɗe ido ɗaya, sai ga Tigiris kwance kusa da shi, har da zaro harshe.

"Ɗan banza, tashi ka kashe ni!" in ji Rufiyo.

"Tashi dai kai, na riga ka faɗuwa!"

Sai ga mai duba gawa ya nufo su da jan ƙarfe daga wuta, zai ɗana musu ya tabbatar sun mutu. Gawa biyu suka zabura a guje, filin ya kece da dariya, aka yafe musu.

Mutuwar jarumta Rufiyo ya nema sau ɗaya. Yanzu duk ranar wasa sai an sa su sun mutu don 'yan kallo su yi dariya, kafin a fito da jaruman gaske.