Minti Goma Ranar Laraba

Sau uku wata tsohuwa tana zuwa asibitin unguwa, sau uku mai rajista tana koro ta. Dokar wurin ɗaya ce: ba mai ganin likita sai ya cike fom a waya, ko ɗan wane ne, ko uwar wane ce.

Karatunta bai yi nisa ba. Tela maƙwabcinta ne ya cike mata, tana faɗa yana dannawa: ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, yawan fitsari, rama, da gyambo a ƙafa wata biyu ya ƙi warkewa. Ya karanto mata abin da intanet ta ce, wai alamun ciwon sukari ne, in aka yi sakaci ƙafar sai an yanke. Ranar ko ruwa bai wuce mata ba. Aka ba ta minti goma da likita, ranar Laraba.

Da ta zo, mai rajista ta dubi kwamfuta, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta taɓe baki. Tsohuwar kuwa jibgegiya ce, tana taka ƙafafunta biyu daram.

"Iya, ina ramar take? Mun saba da irinku. Ku kwaso ciwo a intanet don ku tsallake layi."

"'Yar nan, ki ji da madanninki. Ba ke na zo gani ba."

Mai rajista ta ce za ta soke fom ɗin. Tsohuwar ta ce ta soke ta gani. Masu jira suka sa baki, wani ya ce tsofaffin yanzu ba su da tsoron Allah. Ko kallo bai ishe ta ba. Ta zauna a benci, jaka a cinya, ido a ƙofar likita.

Awa biyu tana lissafi. An shigar da gorar ruwa ofishin likita sau uku. Likitan ya fito ta ƙofar gefe sau huɗu ya nufi banɗaki, kansa a cikin waya, yana ɗingisawa kaɗan, farar rigarsa ta yi masa yawa. Ba wanda ya lura. Kowa ciwonsa ya dame shi.

Da aka kira lambarta, mai rajista ta biyo ta har ciki don ta kai ƙara. Likitan bai ɗago ba, yana karanta fom, fuska a murtuke. Ya ce duk mai waɗannan alamu da ya zauna wata biyu bai nemi magani ba, ya zalunci kansa.

Tsohuwar ta tura ƙofa ta rufe.

"To, ka yanke wa kanka hukunci. Na kira ba ka ɗauka, ni da na haife ka sai da na cike fom. Cire takalmin nan in ga ƙafar."