Zaman Ƙofa a Karofane

Hantsi bai gama ɗagawa ba Ɗayyabu ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gidan, ya ɗora jakar takardu a cinya, ya zauna. Bai yi sallama ba. A wannan aiki ba a sallama.

Asusun lamunin da ya ɗauke shi aiki a Madawa ba ya kai ƙara, ba ya kiran jandarma. Dabararsa ta fi wannan araha. In mutum ya ci bashi ya kasa biya, sai a turo masa ma'aikaci ya zauna a ƙofarsa tun safe har la'asar, ba zagi, ba magana, sai ido. Masu zuwa rijiya su gani, masu zuwa masallaci su gani. Shi kuwa mutumin ƙasar Adar ya gwammace ya kwana da yunwa da a riƙa nuna ƙofarsa da baki. Kafin kwana uku za ka ga an ja tunkiya an nufi kasuwa.

Shekara shida Ɗayyabu yana wannan zama, ba wanda ya kai shi iya shiru, har ranar da aka tura shi gidan wani tsoho a Babankatami. A rana ta huɗu tsohon ya fito, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi gajiya, sannan ya kewaya bayan rumbu da igiyar jakinsa. Da azahar aka sauko da shi daga kan gawo.

Tun daga nan barci ya yi wa Ɗayyabu yaji. Gaisuwar tsohon na dawo masa a kunne ko yana tsakiyar salla. Ya tsani aikin, tsana ta gaskiya. Ya rantse wannan gida na Karofane shi ne na ƙarshe. Mai gidan ya fito, su yi ido huɗu, a kashe magana, shi kuma ya ajiye jakar nan har abada.

To, amma mai gidan ya ƙi fitowa. Ɗayyabu ya ga masu taurin kai iri-iri, bai taɓa ganin irin wannan ba. Damina ta wuce, an yi girbi, an ɗaure dammuna, ko tarin mutumin bai taɓa ji ba. Mutanen unguwar ma wasu iri ne. A wasu garuruwa tofar da yawu ake yi in an wuce shi. Nan kuwa sai su rage murya, su ce masa sannu, tsofaffin mata su wuce suna girgiza kai. Babur ɗin asusun ma ya manta rabonsa da shi. Da ƙafa yake zuwa, kuma tafiyar ba ta gajiyar da shi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne kayan gidan na fita a kan idonsa. Keken ɗinki ya fita. Gadon ƙarfe ya fita. Raguna biyu, buhunan hatsi, duk sun bi, ko dala ba ta shiga hannunsa ba. Saura akuya ɗaya, ja, mai karyayyen ƙaho. In ita ma ta tafi, ba abin da zai kai wa asusu, ba ranar da zai tashi daga wannan tabarma.

Sai kuma matar gidan, Mardiya, siririya mai idon wadda ba ta ƙoshi da barci ba. Kullum da hantsi takan ajiye masa ƙwaryar fura, ta tsaya a bakin zaure sai ta ga ya shanye. Furar na da daɗi, ya yarda, daidai yadda yake so. Amma a can ƙasan ƙwaryar akwai wani ɗaci-ɗaci, kuma da ya sha sai jikinsa ya mutu, tunaninsa ya yi nauyi. Wanda ya zauna a ƙofofin mutane shekara shida ya san abin da ake sa wa baƙon da ba a so. Kwana uku ke nan yana fakar idonta yana tuttular da furar a gindin katanga. Yau kansa garau yake, har ƙarar ƙuda yana ji kamar ganga.

Da rana ta take sai ga Jima dillalin bisashe ya shiga gidan. Jim kaɗan ya fito yana jan akuyar.

Ɗayyabu ya yi abin da bai taɓa yi ba a aikinsa. Ya zabura ya cafke igiyar, ya naɗe ta a hannu har yatsunsa suka yi fari.

"Akuyarga ta asusu ta! Ba inda za ta!"

Jima ya ja da baya, ya leƙa zaure. "Mardiya, hito maza. Ba ki ba shi ba yau?"

Ta fito hannunta duk gari. Ta dubi gindin katangar inda ƙudaje suka taru, ta gane. Maƙwabta sun fara leƙowa, ba wanda ya matso.

"Ina mijinki?" Ɗayyabu ya daka mata tsawa. "Ce mishi shi hito! Shi hito in huta!"

Mardiya ta durƙusa a gabansa. Ba ta ji tsoro ba, tausayi ne ya cika ta har ya zubo ta ido. Ta shiga kwance yatsunsa daga igiyar, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ma shi nike jira, wata bakwai ke nan," ta ce a hankali. "Saki, Baban Raihana, kuɗin maganinka na, wanda nike sa maka cikin fura. Tun ran da ka kai ma asusu takardar barin aiki sunka amshe babur ɗinsu, kake zamne ƙofar gidanka."