Ribosom da Shanun Huɗa

Malama mai koyon aikin koyarwa ta ajiye alli, domin ta ga cikin ɗaliban Kurfi babu wanda ya gane zanen ribosom da ke kan allo. Malamin da kwaleji ta turo daga Dutsin-Ma ya duba koyarwarta yana can baya yana hamma. In ta faɗi yau, sai ta maimaita shekara. Ta ƙudura a ranta ba za ta fita ba sai sun gane.

Ta goge zanen tas, ta juyo. "Wa ke da shanun huɗa a gida?"

Hannuwa suka tashi.

"Ranar da aka sayo bijimi ake ɗaura masa garma?"

"Haba Malama!" in ji wata doguwa 'yar Wurma. "Ai sai ya ja gungume tukuna. In ba haka ba ya tattake gonar, ya haɗa da mai ita."

"To, haka ƙwayar halitta take yi. A cibiyarta take ƙera ribosom kashi biyu, babba da ƙarami, ta fito da su daban-daban. Sai ta haɗa su a karkiya ɗaya, ta gwada su babu kaya. In sun yi kyau, sannan ta ba su aikin haɗa furotin."

"Wanda ya ƙi ja fa?" in ji wani ɗalibi.

"Ku me kuke yi da shi?"

"Mahauta!" ajin ya amsa baki ɗaya.

"Ita ma wargaza shi take yi."

Ana cikin dariya, hannu ɗaya ya tashi can baya. Na malamin kwalejin ne.

"Malama," ya ce, yana gyara zama, "a ɗan koma mana kan gungumen nan, a hankali."