Farantan da Suka Ƙi Jin Zafi

Bayan sallar la'asar Muhyiddin ya durƙusa gaban akwatin awo, ya karanta lambobin, ya sake karantawa. Yau ma sun ƙaryata shi.

Injiniya ne, ɗan gidan malamai a Kontagora, ma'aikaci a ofishin da aka ɗora wa sanya firji mai aiki da hasken rana a ƙananan asibitocin karkara, domin adana allurar rigakafin ƙyanda. Yawan farantan hasken rana da kowane asibiti zai samu, kwamfuta ce ta ƙiyasta shi a wata ƙasa mai sanyi. Da Muhyiddin ya bi lissafin sai ya ga an yi mantuwa guda. Farantin rana haske yake so, zafi kuwa raunana shi yake yi; gilashinsa in yana da sanyi ya ba da wuta cikakkiya, in ya gasu ya gaza. Ya shigar da gyaran zafi cikin lissafin, ya nuna cewa kowane asibiti yana bukatar ƙarin faranti, in ba haka ba firji zai mutu a watannin da ƙyanda ke ɗibar yara.

Shugabansa, Injiniya Lukuman, ya yi murmushi. "Wato ka fi kwamfuta sani ke nan, Malam? To, hujja muke so. Zaɓi inda ya fi zafi ka gwada. In awo ya goyi bayanka, a ƙara. In ya saɓa maka, kai za ka sa hannu a rufe maganar."

Ya zaɓi wani ƙauye gaba da Salka inda gwaggonsa Hajjo take aure, a shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Aka kafa farantan kan gajeren ƙarfe a bayan asibitin, wanda ba a riga an buɗe ba. Aka liƙe akwatin awo da darma don kada a taɓa cikinsa, yana tara jimlar wutar kowane wuni.

Ranar farko Gwaggo Hajjo ta zo gani. Ta daɗe tana bin gidajen da ke kan gilashin da yatsa, murabba'i bayan murabba'i, layi bisa layi. "Wannan aikin masu sani ne," in ji ta, ta ja mayafi ta tafi.

Tun daga nan lambobi suka bi bayan kwamfuta. Muhyiddin ya duba wayoyi, ya duba batir, ya maimaita lissafinsa har ya haddace shi kamar karatun ƙuruciya, bai sami kuskure ba. Da hantsi yakan ɗora tafinsa kan gilashin ya janye da sauri. Kafin zawali kuwa zafi da ƙishirwa su kora mazan ƙauyen duka, har da shi, zuwa inuwar masallaci, a saurari tafsiri, a kishingiɗa har la'asar. Idan ya dawo ya tarar da farantan suna ƙyalli, babu ƙura ko kaɗan. Har 'yar ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, a lokacin da awaki ke cin ɓawon itace. Ya gani, amma zuciyarsa tana kan lambobi.

Ƙauyen ya zame masa kurkuku marar ƙofa. Tafiya ba ta yiwuwa sai awo ya cika. Ɓalle darma ha'inci ne. Sa hannu kuwa amincewa ce da abin da ya tabbata zai lalata magani a asibitoci masu yawa. Wata rana Shaiɗan ya raya masa cewa tabarma guda, in aka shimfiɗa ta kan faranti na ɗan lokaci, za ta sauko da lambobin zuwa inda gaskiya take. Har ya naɗo ta ya ɗauka. Sai ya tuna yadda mahaifinsa yake karantar da babin shaidar zur, ya mayar da ita yana istigfari.

Gwaggo ta ga yana ramewa. "Ɗan nan, ba azumi kaɗai ke cin ka ba."

"Wata bukata ce, Gwaggo, ta ƙi biya."

"Za ta biya da iznin Allah. Bar mini."

Daga ranar lambobin suka ƙara hawa. Kullum da shan ruwa, kafin kunu, takan miƙo masa moɗa ta ruwa mai ɗumi da ɗanɗanon ƙarfe, alhali ga randa nan mai sanyi a gindin bango. Yakan shanye don kunya, ya yi godiya.

A goman ƙarshe Lukuman ya iso, ya ɓalle darmar da hannunsa, ya karanta jimla, ya miƙo takarda da alƙalami. Muhyiddin ya dubi abin da akwatin ya shaida. Ba shi da wata shaida face ita. Ya sa hannu, ya tsaya yana kallon motar har ta ɓace a hanyar Kontagora.

Rana ta faɗi, ladan ya kira. Gwaggo ta zo da moɗarta fuska a sake. "Yi bisimilla. Na ga baƙonka ya tafi yana dariya. Ban ce maka za ta biya ba?"

Ya karɓa, ya dubi ruwan. "Wai Gwaggo, wannan ruwan mene ne?"

"Wankin babban hatimin nan naka na gilashi da ke bayan asibiti ne mana. Da farko ni kaɗai nake yi, amma tun da ka ce kana cikin damuwa na tara matan unguwa, daga zawali har la'asar muna kwarara masa ruwan rijiya muna tarewa a ƙwarya, ba mu taɓa barin sa ya bushe ba."