Aku a Hannun Mai Kaji

Tanimu, ka ce gwaggonka da ka ɗauko daga ƙauye ta yi makonni a gidanka ba ta kwance ƙullin kayanta ba, yau kuma ka tarar ta baza zannuwanta a igiya, tana goge kwanukanta ɗaya bayan ɗaya. Ka ce shirin tafiya take yi, kana so ka tara dangi a yi mata magana. Kafin ka tara kowa, zauna ka ji wani misali.

An yi wani mai kiwon kaji, gwani ne na gaske, daga tafiyar kaza yake gane ciwonta. Wansa tela ne, yana da aku mai launin toka da jar wutsiya. Ta yi shekara da shekaru kejinta na rataye kusa da keken ɗinki, har ta ɗauke muryar telan tsaf, da tarinsa da komai. Duk garin, tela kaɗai ya rage mai kiran mai kaji da Auta, ga shi kuwa furfura ta cika wa mai kajin gemu. In ya yi sallama a shagon da ke zauren gidan telan, aku kan riga maigidanta cewa, "Auta, shigo ka zauna." Da tela ya rasu, matarsa tana cikin takaba ta ce ba za ta iya jin muryar mamaci tana fitowa daga zaure ba, ta aika wa ƙanen mijinta da kejin. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ba shi da burin da ya wuce ya sake jin wannan kira ko sau ɗaya.

Kwanakin farko aku ta takure a lungun keji. Ba ta magana, ba ta taɓa jikinta, gyaɗa ma sai ya bar wurin take ci. Wannan bai dame shi ba, ya ce baƙunta ce. Sai wata rana da hantsi ya ga ta miƙa fiffike, ta kai baki gindin wutsiya, ta riƙa jan gashinta ɗaya-ɗaya ta cikin baki, tun daga tushe har ƙarshe. Ta girgiza jiki, wani farin gari ya tashi, ƙananan gashi suka zubo ƙasa. Kwalliya take yi irin tasu. Mai take lakatowa a gindin wutsiya tana shafawa, tana mai da kowane gashi mazauninsa. Tsuntsu kuwa ba ya cusa kansa ƙarƙashin fiffike a inda yake tsoron a cafke shi, wato ta fara yarda da gidan ke nan. Amma idon mai kaji abin da ya saba gani ya gani: kazar da ta cika susa, ƙuma ce ta kama ta.

Washegari da ya matso, aku ta tako har bakin keji, ta sunkuyar da kai, gashin wuyanta a tashe, ta tsaya cik. Nan take ya ce ciwo ne, domin a akurki kazar da ta sunkuyar da kai ba ta cika wayar gari ba. Ya leƙa ya ga wasu fararen tsinkaye a ƙeyarta. Sababbin gashi ne da ba su gama fita daga kubensu ba, shi kuwa ya ce ƙwari ne suka yi gida. Bai tambayi kowa ba. Wa zai koya masa tsuntsu? Ya damƙe ta da tsumma tana ihu, ya murje ta da toka da ɗigon kananzir kamar yadda yake yi wa kaji, ya ɗura mata ruwan barkono. Da yake mutum ne mai kula da abin da aka ba shi amana, bai tsaya a sau ɗaya ba.

Kananzir ya ƙona mata fata. Daga nan ta fara fizge gashin da gaske, har ƙirjinta ya koma kamar na kazar da aka fige. In ta hango hannunsa sai ta manne a bayan keji tana huci. Ba ta mutu ba. Tana ci, tana sha, tana kwaikwayon ƙarar ƙofa da carar zakara, muryar mutum ce dai ba ta ƙara fita daga bakinta ba.

Da matar wansa ta fita takaba, ta zo sallama za ta koma garinsu. Ya ba ta labarin duk ƙoƙarin da ya yi, har da ranar da tsuntsuwar ta sunkuyar da kai. Matar ta daɗe tana duban kejin, sannan ta ce, "Ai susa take roƙo. Bakinta ba ya kai ƙeyarta, marigayi ne ke murza mata da yatsa, in ya gama sai ta yi ta zuba. Ban da shi ba ta taɓa miƙa wa kowa kai ba, har ni." Bayan haka an sha jin mai kaji yana rangaɗa sallama a zauren gidansa, shi kaɗai, ya tsaya yana jira. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya sake kiran sa Auta.

To, Tanimu, mai shirin tafiya ƙulla kaya yake yi, ba ya shanya. Ka ƙyale tsohuwa da igiyarta, in ta nemi ƙusar rataye faifai ka buga mata. Hausawa dai sun riga sun faɗa: garin gyaran gira, akan rasa ido.