Mariƙin da Ya Ƙi Ɗumi

A kilomita na goma sha biyu Eleodoro Barría ya sake danna makunnin har ya kai shi matakin ƙarshe. 'Yar jar wutar ta kama, amma mariƙin babur ɗin shiru, ko ɗumin numfashi babu. Ya ɗura wa Ulises bakanike ashar a cikin hular kwano, iska ta kwashe abinta.

Mako uku ke nan da Ulises ya sa masa wannan mariƙi mai ɗuma hannu. 'Yarsa Maritza ce ta saya ta aiko daga Punta Arenas, kuma kyautar da sharaɗi ta zo. Shekarunsa saba'in da ɗaya, ga ciwon suga, shi kaɗai a bukkar kiwo da tumaki ɗari huɗu da karnuka biyu. Ta yarda ya ƙara hunturu ɗaya a can, muddin duk farkon wata zai hau babur da kansa ya zo garin Porvenir su haɗu ta gan shi garau. Ranar da ya kasa zuwa, ko ya iso a jigace, sai ya tattara ya koma ɗakin bayan gidanta, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabci. Eleodoro ya fi tsoron wannan ɗaki da kabari.

Yau ce ranar tafiyar farko, kuma tun safe ta zo masa a karkace. Ƙoƙon shayin mate ya suɓuce masa ya kife a ƙasa. Maɓallan rigarsa sun ci masa lokaci fiye da kullum. Duk ya ɗora wa sanyi, don tsoho ne da ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Kilomita saba'in ne, tsakuwa da ƙanƙara, babu gida babu bishiya. Wani ƙauri-ƙauri yana ta bugo masa hanci, kamar roba a kusa da murhu. Ya ce lallai sakaran yaron nan ya haɗa wayoyin a baibai, wata tana cin wuta a wani wuri.

A kilomita na talatin ya tsaya bai kashe inji ba. Ya sa haƙori ya zare safar hannun dama, ya damƙi mariƙin da tsurar fata don ya tabbatar. Kamar ya riƙe icen shinge. Yana cikin girgiza kai iska ta fizge safar daga cinyarsa, ta haura da ita wayar shinge, ta yi cikin fili da ita. Ya bi ta da ido har ta ɓace.

Nan tsoro ya shige shi sosai. Ya san abin da iskar nan ke yi wa hannun da ba rufi, ya ga makiyaya da dama masu yatsu bakwai. Komawa baya kuwa ɗaya yake da miƙa wa Maritza makullin bukka. Ya ja hannun rigar ulu ya rufe bayan hannunsa, ya matse mariƙin iya ƙarfinsa, ya murɗa totur.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ta taru a kan tanki da madubi da gwiwoyinsa, a mariƙin ne kawai take zama ruwa tana ɗiga. Bai da lokacin kula da wannan, idonsa na kan hanya.

A gangaren da ke kusa da tafki wani guanako, dabbar daji mai kama da ɗan raƙumi, ya faɗo hanya. Eleodoro ya kai yatsu ga birki, yatsun suka makara. Tayar baya ta zame, babur ya yi gefe, ya tokare da ƙafa da kyar ya dawo da shi. Wannan kam ba wanda zai ji shi a bakinsa.

Ya shirya komai a ransa. Zai isa Porvenir kafin jirgin ruwan da zai kawo Maritza daga Punta Arenas, ya gasa hannu a murhun garejin Ulises, a gyara wayar, ya sha mate, ya tarbe ta yana dariya kamar wanda ya fito daga wanka.

Da ya karyo kwanar garejin sai ya hango jar rigar sanyinta a bakin ƙofa. Jirgin ya iso da wuri. Idonta ya sauka kai tsaye a kan hannun da ba safa.

“Baba, ina safarka?”

Ya bar injin yana aiki, ya juya kan Ulises, wanda ya fito yana goge baƙin mai da tsumma.

“Kai, gwanin banza, zo ka ga aikinka. Kilomita saba'in ina riƙe da ƙarfe mai sanyi. Kuɗin yarinyar nan ka ci, ko wayar ce ka haɗa da igiyar shanya?”

“Haba Kawu, ni da na gwada shi a gabanka?” in ji Ulises yana dariya. “Ko dai makunnin ne ya fi ƙarfin tsufa? Ɗaga hannun in gani.”

Eleodoro ya saki mariƙin. Ulises ya kai hannu ya kama, nan take ya fizge yana yarfewa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya juya ya kalli Maritza.

Ta kamo hannun mahaifinta a hankali ta juya shi. Tafin ya yi jajir, ya tashi bororo tun daga gindin yatsu har wuyan hannu, wasu sun fashe suna ruwa. Eleodoro ya tsaya yana kallonsa kamar hannun wani.

Tun daga ƙofar bukka mariƙin yake gasa shi, hannun ne ciwon suga ya daɗe da hana shi jin komai.