Koriyar Waya

Pak Derus ya ɗora bakin sukundireba a jikin taransifomar wata amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya kara ƙotar a kunnensa. Sai zuuu take yi, kamar ƙudan zuma a cikin gora.

"Notoci ne suka kwance, baiwar Allah," ya ce wa matar da ta kawo amfilifayar jitar. "Aikin minti biyar ne."

Shekara talatin yana gyaran tsofaffin amfilifayoyi masu kwalabe a ciki a garin Ipoh, kuma duk wayar da ya taɓa sai ya ɗiga mata jan farce, alamar aikinsa. Ya zare fulogi, ya juya akwatin. Nan ya ga koriyar wayar da ke kwashe wuta zuwa ƙasa a yanke, an naɗe ta da salatif.

"Wane jaki ne ya yi wannan? Ya kasa gano ciwon, ya yanke waya don ƙara ta ragu! Ai wannan kisan kai ne. Wa ke kiɗa da ita?"

"Ɗana Hairul," ta ce. "Watan jiya a gidan biki, ana yayyafi, yana riƙe da jita ya kama makirfo. Kafin a kashe wuta ya cika."

"Innalillahi! Faɗa mini sunan mai gyaran. Wallahi da ƙafata zan raka ki wurin 'yan sanda."

"Warware salatif ɗin tukuna, Pak Derus."

Ya warware. A bakin yankan akwai busasshen ɗigon jan farce.

"Masu gyara uku na kai wa, duk sun ce hannunka ne," ta ce tana gyara mayafi. "Ka rantse. Tashi mu je."